Tafiyar keke da kwana a hanya: tambayoyi da amsoshi kan kaya marasa nauyi ga mai fita karon farko daga Bauchi ko Gombe

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu son ɗaura kaya a keke, su bar gari, su ya da zango dare ɗaya ko biyu. Yawancin shawarwarin da ke intanet kan wannan harka an tsara su ne don Turai da Amurka, inda sanyi da ruwan sama ne abin tsoro. Mu kuwa abin da ke jiranmu a hanya shi ne rana, da ƙaya, da sauro, da ƙishirwa, don haka lissafin ya bambanta.

Kilo nawa ya kamata kayana su kai gaba ɗaya?

Ga tafiyar kwana ɗaya zuwa uku da rani, ka yi ƙoƙarin tsayawa tsakanin kilo 8 da 12, ban da ruwa. In ka ga sun haura 15, to akwai abin da tsoro ne ya sa ka ɗauka, ba buƙata ba. Kada ka yi kirdado da hannu. Ka ari sikelin rataye, ko ka kai kayan wurin mai awo a kasuwa, ka auna kowane abu shi kaɗai ka rubuta. Za ka tarar abubuwa uku ne suka cinye nauyin: kayan kwana, kayan girki, da ruwa. A nan ake ragi mai ma'ana. Yanke hannun buroshin haƙori don rage giram goma wasa ne.

Rage kilo ɗaya ko biyu yana da wani tasiri kuwa?

Mu yi lissafi. A ce kai kilo 70 ne, keken 15, kaya da ruwa 15. Jimla 100 ke nan. In ka rage kilo ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari ka rage, kuma ko wannan ɗin ma a hawa kawai za ka ji shi sosai. A miƙaƙƙiyar kwalta, da zarar keke ya ɗau gudu, iska ce ke cin ƙarfinka fiye da nauyi. Shi ya sa ƙunshin da ya yi faɗi ya fi wahalar da mutum a kan ƙaramin ƙunshi mai ɗan nauyi. Wanda ya tashi daga Bauchi ya nufi Gombe da hunturu, gabas ya dosa, iskar kuma daga arewa maso gabas take kaɗawa, kusan fuska da fuska za su yi.

To me ya sa ake damuwa da nauyin? Saboda kilo biyar ko bakwai na banza suna taruwa su zama matsala: tayar baya ta sha wahala, kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, ta tsage, birki ya ƙi kamawa da wuri a gangara, in kuma ka shiga yashi sai ka sauka ka tura. Ra'ayina shi ne ka rage nauyi ta hanyar barin kaya a gida, kada ka rage shi da zuba kuɗi a kayan waje masu tsada. Hanya ta farko kyauta ce, kuma ta fi rage kilo masu yawa.

Kekena irin na da ne, baƙin ƙarfe marar giya. Sai na sayi sabo?

A'a. Irin su Raleigh da Phoenix da Hero sun daɗe suna ɗaukar buhun hatsi zuwa kasuwannin ƙauye, kayan zangonka ba za su gagare su ba. Nauyinsu kan kai kilo 20 ko kusa da haka, kuma rashin giya zai sa ka sauka ka tura a hawa mai tsauri, amma kowane mai gyara ya san su, kariyarsu kuma ƙaƙƙarfa ce. Ga hanyar da ba ta da tuddai sosai, sun wadatar.

In za ka nufi wuraren duwatsu, kamar Dass ko Kaltungo da Tula, keke mai giya na gwanjo, mai taya inci 26, ya fi dacewa. Ka dubi ƙaramar giyar fiye da komai, domin ita ce za ta haura da kai tudu da kaya. Dalilin zaɓen inci 26 yana cikin amsar kayan gyara a ƙasa. Ko wane iri ne, ka kai shi wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, a duba birki, da sarƙa, da wayoyin ƙafa, ka kuma hau shi kwanaki kafin ranar, don abin da zai kwance ya kwance a gida.

A ina zan zuba kayan? Jakar goyo ba za ta yi ba?

Jakar goyo ita ce kuskuren da aka fi yi. Tana tara gumi a baya, tana danna ka a kan sirdi, bayan awa uku kafaɗa da mazaunai za su gaya maka. Keke ne zai ɗau kaya, ba kai ba.

Tsarin da ya fi kyau shi ne irin na mangalar jaki: jaka biyu, ɗaya kowane gefen kariya, nauyinsu daidai, masu nauyi a ƙasa. Jakunkunan da aka yi musamman don keke suna da kyau amma suna da tsada. Jakar makaranta biyu daga gwanjo, a haɗa hannayensu a saman kariya, suna yin aikin. Wasu kan yanke saman jarka mai lita 10 su ɗaure ta gefe, ba ta jin ƙura ba ta jin ruwa. Ka tabbata dunduniyarka ba ta bugun jaka in kana taka feda, kuma jakar ba ta lanƙwasawa ta shiga ƙafar keke. Shimfiɗa da tamfol, da yake ba su da nauyi, su hau saman kariya ko a ɗaure su a kan keken ta gaba. Kariya da yawa an buga iyakar nauyinsu a jiki, sau da yawa kilo 25, ka duba taka.

Wajen ɗauri, babu abin da ya kai robar tsohon tub. Mai faci zai yanka maka kusan kyauta. Sai dai ka soke bakinta da kyau, domin in ta saki ta naɗe a ƙafar baya, faɗuwa ce.

Tanti dole ne?

Ya danganta da lokaci da kuma inda za ka kwana. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ba abin damuwa ba ne a Bauchi da Gombe, don haka rufin tanti ba shi da wani aiki sai tare raɓa da iskar asuba. Abin da ba a bari a gida shi ne gidan sauro. Gidan sauro na mutum ɗaya, da yankin tamfol mai sauƙi kamar mita biyu da uku, da igiya mita goma, gaba ɗaya ba su cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Tantin mutum biyu na kasuwa kuwa yakan kai kilo biyu zuwa uku, ga sanduna da ke cin wuri. Ana ɗaure gidan sauron a reshe, ko tsakanin bishiya da keken, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane ɓangare.

Amma tanti yana da abu ɗaya da gidan sauro ba shi da shi: ƙasa ɗinkakkiya da zif. A yankin da kububuwa da kunama ke da yawa, wannan ya cancanci kilo ɗayan da ya ƙaru (duba amsar maciji). In za ka saya, nemi wanda cikinsa raga ce, rufinsa kuma ana cirewa, wanda ke tsayawa da kansa ko ba a kafa turaku ba, domin ƙasar rani tauri gare ta, wani wurin kuma dutse ne ko siminti. Tanti mai bango ɗaya na leda, irin mai araha, da zafi ba ya kwantuwa, da damina kuma yana yoyo. Launi marar ɗaukar ido ya fi, kamar ruwan ƙasa ko kore mai duhu.

Da damina, wato daga wajen Yuni zuwa Satumba, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Hadarin nan mai zuwa da iska yakan tsige tamfol. Mai fita karon farko ya haƙura da damina, ko kuwa ya shirya kwana a ƙarƙashin rufin gini.

Me zan shimfiɗa, me zan rufa?

Siririyar katifar soso mai naɗewa, irin ta motsa jiki, ba ta da nauyi sosai, kuma ƙaya ba ta yi mata komai. Katifar da ake hurawa ta fi daɗi, amma tsinin tsidau ɗaya ya isa ya kwantar da kai a ƙasa kafin tsakar dare. Tabarmar roba tana yi, sai dai ba ta hana sanyin ƙasa ratsowa, kuma naɗinta dogo ne.

A watan Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, a fili kuma ya fi cizo. Ba sai ka ɗauki ƙaton bargon gida ba. Ƙaramin bargo mai laushi, da rigar sanyi, da safa, da hular sanyi sun isa, kuma rigar za ta yi maka amfani a tafiyar sassafe. Daga Maris zuwa gaba zanen gado ɗaya ya wadatar. Matashi kuwa, cusa sauran tufafinka cikin riga.

Ruwa lita nawa zan ɗauka, tunda shi ne ya fi komai nauyi?

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, babu dabarar da za ta sauya wannan. Nan ne kuma ba a yin rowa. Mai tuƙa keke cikin rana yakan buƙaci rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. A manyan hanyoyi, kamar Bauchi zuwa Alkaleri ko Gombe zuwa Kumo da Billiri, garuruwa ba su da nisa da juna, don haka lita biyu zuwa uku a jikin keke sun isa, kana ƙarawa a hanya. Dabarar ita ce ka riƙe mazubi fanko na ƙarin lita uku ko huɗu, ka cika shi a gari na ƙarshe kafin wurin kwana, don sha da alwala da shayin safe. Ta haka nauyin ba zai bi ka duk yini ba. Robobin lemo manya da aka wanke sun fi kowace gora sauƙi. Fiya wata kuwa ka juye shi a roba, don a jaka fashewa yake yi. In ka sa robar cikin jiƙaƙƙiyar safa ko yankin buhun algarara, iskar tafiya za ta sanyaya ruwan.

Ruwan famfon burtsatse ya fi na rijiya buɗaɗɗiya aminci. Na rafi da na dam kada ka sha sai an tace da ƙyalle an tafasa, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs an jira minti 30. Ƙwayoyin nan ba su da nauyin komai, su zauna a jakar magani. Wanka a ruwan da ke kwance ma akwai haɗarin tsargiya.

Gumi ba ruwa kawai yake fitarwa ba, har da gishiri. Ka riƙe ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, biyu ko uku daga kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ba lokacin gwajin farko ba ne. Ko da hunturu, ka tashi bayan asuba, ka sami inuwa daga wajen sha ɗaya zuwa la'asar.

In ɗauki risho da tukunya?

Ga kwana ɗaya ko biyu, a bar su. Kusan kowane gari a bakin hanya akwai mai shayi, da mai ƙosai, da mai masa, wadda Bauchi ta yi suna a kanta, ga fura da nono. Ka ci mai zafi a gari, ka riƙe guzurin da ba ya lalacewa: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, gyaɗa, kilishi ko dambun nama. Duk waɗannan ƙarfinsu ya fi nauyinsu. Kofi ɗaya na silba da cokali sun gama kayan kicin ɗinka.

In ba ka iya kwana ba shayi, ƙaramar buta da 'yan ƙirare a tsakanin duwatsu uku sun isa. Amma da rani ciyawa a bushe take, iska kuma na kaɗawa, ka share wurin har ƙasa, ka kashe wutar da ruwa ko ƙasa kafin ka kwanta, kada kuma ka hura kusa da gona ko tarin karan mutane. Ƙaramar tukunyar gas ta gida, mai kilo 3, in an cika ta takan haura kilo 6. Kananzir kuwa in ya zube a jaka, har garin kwakinka sai ya ɗau wari.

Waɗanne kayan gyara ne ba a bari?

Tub biyu, kayan faci da gam ɗinsu sabo, ƙaramin famfo, ƙarfen cire taya biyu, sufana daidai da notin ƙafafunka (yawanci lamba 15), alanki, wato lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti mai rami a ka, lamba 4 da 5 da 6 in kekenka na zamani ne, wayar birki ɗaya, ɗan mai a ƙaramar kwalba, guntun waya, da yankin tsohuwar taya don toshe tsaga daga ciki. Duka ba za su wuce kilo ɗaya da kaɗan ba, kuma ba a nan ake ragi ba.

Faci shi ne abin da zai same ka, musamman in ka sauka daga kwalta. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna ko'ina. Kafin ka sa sabon tub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba ka sake saukowa nan gaba kaɗan. Idan za ka shiga wurin kwana, ɗaga keken ko ka tura shi ta inda ƙafa ta taka, sannan ka duba tayoyin kafin ka hau da safe. Tub ɗin inci 26 da 28 ana samunsu a garuruwa da yawa, amma 27.5 da 29 da 700C sai babban birni. Haka nan siririn bawul ɗin kekunan tsere ba ya shiga injin mai faci, sai da ɗan mahaɗi. Ka gwada famfonka a kan bawul ɗinka tun a gida, ka kuma koyi cire ƙafar baya da hannunka.

Tufafi kala nawa?

Biyu: na tafiya, da na kwana da salla. Riga mai dogon hannu marar kauri ta fi singileti kare rana. Wandon jins nauyi gare shi, ɗinkinsa kuma na goge cinya. In wandon mai faɗin ƙafa ne, ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Ƙara hular kwano, da ƙyallen rufe hanci saboda ƙura, da riga mai ƙyalli don direbobin manyan motoci su hango ka. Man kaɗanya kaɗan a ƙaramin gwangwani yana maganin tsagewar leɓe da gogewar cinya. Siririyar sallaya ta aljihu ta isa.

Mata masu tambaya: dogon hijabi da zani na iya shiga ƙafar baya. Gajeren hijabi da doguwar riga zuwa gwiwa a kan wando sun fi aminci a kan keke, dogon ya zauna a jaka don shiga gari.

Waya da fitila fa?

Fawa bank mai 10,000 mAh nauyinsa wajen giram 200 ne, yana cika waya kamar sau biyu, ya isa kwana biyu. Faifan sola bai cancanci wahalarsa ba, tunda masu cajin waya suna nan a yawancin garuruwa. Sauke taswirar yankin a waya tun kana gida, saboda sabis na ɗaukewa. Tocilar goshi ta fi ta hannu, ga jar fitila ta baya. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a raba su wuri biyu.

A ina ake kwana? Zan iya shiga daji kawai in kafa tanti?

Kada ka yi haka. Baƙon da aka gani cikin duhu a bayan gari da tanti, a wannan zamani, zargi zai jawo wa kansa, kuma wasu dazuzzukan yankin Alkaleri sun yi fama da matsalar tsaro a shekarun nan. Ka isa gari tun da sauran rana, ka nemi mai unguwa ko mai gari. Ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata: “Ranka ya daɗe, matafiyi ne ni daga Gombe, ina neman inda zan kwana zuwa safe.” Ka nuna katin shaidarka ko ba a tambaya ba. Sau da yawa za a nuna maka zaure, ko barandar makarantar firamare, ko harabar masallaci ko coci, a kuma sanar da 'yan banga. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa kayanka za su iya yin sauƙi: rufi da ruwa da tsaro suna wurin mutane. Ɗan goro ko dabino na gaisuwa ba ya nauyi. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da za ka tashi, ka kuma bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ka bi.

Masu sha'awar Yankari su lura: gandun daji ne mai giwaye da ɓauna, kuma daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki ya fi kilomita 40. Ka tuntuɓi ma'aikatan gandun tun kafin ka tashi kan yadda za ka shiga da inda za ka kwana. A Wikki kuma birai sun gwanance da buɗe jaka, kada ka bar abinci a kan keke. A Dadin Kowa akwai dorina a ruwan, kuma da dare take fitowa kiwo, saboda haka ba a kwana a bakin gaɓa.

Maciji da kunama fa, me zan riƙe?

Kububuwa tana da yawa a kudancin Gombe, shi ya sa ma akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, dafinta kuma na hana jini daskarewa. Kariyarka ita ce takalmi rufaffe bayan magariba, da tocila a duk taku, da share wurin kwana nesa da tarin duwatsu, suri, ko tarin kara. Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi mota ko babur zuwa asibiti nan take. Wanda aka sara kada ya taka feda. Jakar magani kuwa ƙarama ce: bandeji, filasta, maganin wanke ciwo, farasitamol, ORS da aka ambata a amsar ruwa, da duk maganin da ka saba sha. Zazzaɓin da ya zo bayan ka dawo, ko da mako biyu ne, a je a yi gwajin maleriya.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Taya masu kyau da tub, sai kariya mai ƙarfi, sai famfo da fitilu. Waɗannan ne in sun gaza tafiya ta tsaya. Sauran kuwa akwai su a gida ko a gwanjo: kasuwar Wunti da Muda Lawal a Bauchi, ko babbar kasuwar Gombe, ba za ka rasa jaka da rigar sanyi da ƙaramin bargo ba. Tela zai ɗinke bakin tamfol ya sa masa madauri. Tanti ya zo a ƙarshe, bayan ka fita sau ɗaya ko biyu ka ga ko kana buƙatarsa. In akwai mai shi a cikin abokai, ara.

Wace hanya ce ta dace da gwajin farko?

Wadda ba ta wuce kilomita 30 zuwa 50 a yini ba, mai garuruwa a jere, mai motocin haya da za su iya ɗauko ka da keken in abu ya ɓaci. Daga Gombe, Dadin Kowa ba ta kai kilomita 40 ba. Daga Bauchi, hanyar Dass tana da duwatsu masu kyan gani, ko kuwa ka nufi Dindima inda gada ta ratsa kogin Gongola. Bauchi zuwa Gombe, wajen kilomita 150, a bar ta sai ƙafa ta saba, a kuma raba ta kwana biyu ko uku. Ku fita ku biyu ko uku, sai ku raba famfo da sufana da tamfol a tsakaninku, tub kuwa kowa ya riƙe daidai tayarsa.

Kafin ranar, ɗaura kayan duka ka zaga gari na awa ɗaya, har da hawa da gangara da birkin gaggawa, sannan ka kwana a tsakar gida da ainihin shimfiɗar da gidan sauron. Idan ka dawo daga tafiyar, ware duk abin da ba ka taɓa ba ka cire shi daga jeri na gaba, in ban da kayan gyara da jakar magani.